Sake, In Ji Edmée

Mijin yayata, Marcelin, direban bas ne, irin rawayar nan ta gidan waya mai zagaya ƙauyukan kwarinmu. Hannunsa kamar faranti, in ya riƙe kofin shayi sai ka nemi kofin ka rasa. To wannan bawan Allah ne, bayan ya yi ritaya, ya tashi wai agogon hannu zai ƙera. Ba kuma kowane agogo ba, irin na manyan attajirai, wanda yayata Edmée ta ƙarar da ƙuruciyarta tana goge kayan cikinsa a masana'anta, ba ta taɓa ɗaura shi ba ko sau ɗaya.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Mijin Yaya, kai da ko maɓallin riga sai an taya ka?" Ya ce in ci gaba da washe baki, haƙorana ne za su sha sanyi. Dama can haka yake da tsokana. Da yana saurayi, da gangan yake wuce tashar da Yaya za ta sauka, don kawai ta taso gaba ta zazzaga masa masifa. Da haka ya aure ta.

Lokacin da ya fara maganar agogon, Yaya ta riga ta koma gidan kula da tsofaffi na bakin tafki. Mantuwa ce ta cinye ta a hankali. Marcelin zai shiga da furanni, ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ta ce mijinta yana hanya, ta juya ga taga. Daga baya gaisuwar ma ta ɗauke. Abin da ke cin mutumin nan ke nan: matarsa ta daina yi masa magana.

Gidanmu ɗaya, ni a ƙasa, shi a sama. Nawa mijin ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya duk sun gangara birni. Gida ya yi mana yawa, har ƙarar cokalinsa nake ji ta saman kaina. Teburin aikin Yaya yana nan a gindin babbar taga inda ta bar shi, nan ya zauna. Ya samo zanen agogon a wajen wani tsohon abokin aikinta, ya fara da ɗan ƙarfen da muke kira gada, wanda bai kai farcen babban yatsa ba.

Aikin Yaya gyaran gefe ne. A zaftare gefen ƙarfe da magagari, a goge shi har ya zama madubi, a ƙarasa da busasshen karan wani tsiro, jansiyan, da muke yankowa a kan dutse da kaka. Mai wuyar shi ne lungu, inda gefe biyu suka haɗu ta ciki, don inji ba ya shiga wurin, sai hannu. Kuma Yaya tana da ɗabi'a. In aiki ya yi, sai ta naɗe shi a 'yar takarda ta tura dama, uffan ba za ta ce ba. In bai yi ba, ta tura hagu ta ce, "Sake." Ni kaina a hannunta na fara koyo, kalmar nan ce ta kore ni na koma gidan burodi. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wata Lahadi Marcelin ya tafi gidan tsofaffin da gadarsa a aljihu, ni na raka shi. Ya ajiye ta a kan teburin da ke gaban Yaya, tare da ɗan madubin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Ba mu sa rai da komai ba. Sai ga hannunta ya miƙo. Ta maƙala madubin, ta juya ƙarfen ga haske, ta taɓe baki.

"Sake," in ji ta. "Wannan lungu ne ko ramin ɓera?"

Ta tura shi hagu, ta shiga faɗa. Wa ya koya masa riƙon magagari haka kamar mai sara? Ya kwantar da gwiwar hannu, ya daina danne numfashi. Ba ta san ko wane ne ba, ta ɗauka sabon ɗan koyo aka turo mata. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa to. Da muka fito ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Haka muka ci lokacin sanyi. Tafki ya daskare, ƙanƙara ta kai rabin taga, magagari yana ta tafiya a sama tun safe har haske ya ƙare. Kowace Lahadi ya kai, ta ce sake, ta wanke shi tas, ya dawo yana fito. Ni ce na fara lura hannun nasa yana faɗawa, aikin yana ƙara kyau. Na so in ja masa kunne, na rasa ta ina zan fara.

Ranar da abin ya faru ƙanƙara ta soma narkewa. Yaya ta daɗe tana duba gadar, ta juya ta nan, ta juya ta can. Sai ta zaro takardar goge baki daga kwali, ta naɗe ta a hankali, ta tura dama. Ta cire madubi ta juya ga taga. Marcelin ya jira, ya yi gyaran murya, ya kira sunanta. Shiru.

Satin nan da ƙyar na ji motsin magagari. Na hau masa da miya da cuku, na tarar da shi zaune da rigar sanyinsa a jiki, murhu a mace. Na ce ai sai ya kama ƙarfe na gaba, agogo ba gada kaɗai ba ne. Ya ce ya gwada, hannun ya riga ya iya, duk abin da ya taɓa fitowa yake daidai.

Ranar Asabar da hantsi na ji ƙarar magagari sau ɗaya, ƙiii, sai tsit. Na hau da gudu. Ga gadar nan a kan tebur, ya ja mata tabo a tsakiyar lungun. Raina ya tashi, na ce aikin sanyi guda ne ya lalata, ko ya haukace ne?

Ya ce, "Lucette, in na kai mata mai kyau, wa zai yi mini magana?"

Na sauko na bar shi da gadarsa.

Washegari Yaya ta maƙala madubi, ta duba. Ba ta taɓe baki ba. Ta ɗago ta dube shi, shi kansa, ba ƙarfen ba.

"Wannan ba kuskure ba ne," in ji ta. "Kuskure rawa yake yi, wannan a miƙe yake. Da gangan ka yi, Marcelin. Ka sake wuce tashata don in yi magana, ko? Kai dai ba za ka girma ba."

Ta tura gadar hagu.

"Sake."

Kafin ya samu bakin amsawa ta juyo gare ni, ta tambaye ni da ladabi ko na ga mijinta a hanya.

Ba ta ƙara kiran sunansa ba. Har yanzu duk ranar Asabar da hantsi nakan ji ƙarar nan guda ɗaya ta saman kaina, gadar kuma sai ƙara sirancewa take. Ban san abin da zai kai mata ba ranar da ƙarfen ya ƙare.