Takardar Baffa Hamman

Nasiru ɗan acaɓa bai ko kashe mashin ba da ya tsaya a bakin rumfar Mudi mai gyaran waya. Daga kan mashin ɗin ya ce ana dukan Baffa Hamman a kara, wai bijimin sata ya kawo kasuwa.

Mudi ya fizge wata tsohuwar waya daga jikin kebul, ya haye bayansa. Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi ce, an yi ruwa da asuba, hanya duk caɓi. Suna tafe yana danne da maɓallin kunna wayar, ita kuwa tana tashi a hankali kamar yadda ta saba.

Wayar ta Baffa Hamman ce. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na su Mudi, can bakin gari. Bafulatani ne da ya daɗe da barin yawo, yana noma dawa yana kiwon 'yan shanunsa. Bai iya karatu ba, sai ya yi wa kansa dabara. Duk dabbar da ya saya, sai ya miƙa wa mai sayarwa waya ya ce ya yi magana a ciki: sunansa, garinsu, launin dabbar, tsagar kunnenta, da shaidun da ke wurin. Wannan muryar ita yake kira takardarsa. Bijimin da ya kai kara ran nan ma, da ya saye shi a Burumburum haka ya yi.

Sai wayar ta tsufa. Waɗanda suka ƙera ta sun daina waiwayarta, saƙon muryar ɗansa Idris daga Legas ya daina shigowa. Mudi ya ce a sayi sabuwa, Baffa ya ce shi ma tsoho ne, ai ba a yar da shi ba. To Mudi ya san akwai wata manhaja da wasu mutane ke haɗawa da kansu su saka a intanet, don irin waɗannan wayoyi da kamfani ya manta. Sharaɗinta ɗaya ne: kowace lambar samfurin waya da tata manhajar. Ya cire batir, ya karanta lambar da ke manne a ƙarƙashinsa, ya kwashe muryoyin Baffa ya zuba a katin memori, ya yi mata filashin, wato ya goge tsohuwar manhajar ya ɗora sabuwar.

Ta tashi kuwa. Fuska tas, sabis ya kawo, komai sabo. Sauti ne kawai babu, ko ƙis. Da ya kwance ta ya duba injin ciki, sai ya ga wata lamba daban. Ashe an taɓa canza mata gida, wato murfinta na waje, a Tudun Wada, aka ɗauko na wata waya har da takardar lambarta. Suna ɗaya, kama ɗaya, ciki daban. Manhajar ta san komai na wayar ban da lasifikarta.

Da safiyar ranar Baffa ya leƙo ta kan katanga, da igiyar bijimi a hannu.

"Injiniya, tsohuwar tawa ta farfaɗo?"

Mudi ya ji kunyar cewa ya yi kuskure. Ya ce sai yamma, Baffa. Baffa kuma ya yi dariya ya ce to a gaishe ta, ya ja bijiminsa ya tafi ba takarda.

Tun daga nesa suka jiyo hayaniyar. Mudi ya dire kafin mashin ya tsaya, ya kutsa da kafaɗa. Baffa Hamman na durƙushe a cikin caɓi, malfarsa a gefe an tattake ta. An yage masa riga har ƙugu. Bakinsa ya fashe, jini na bin furfurar gemunsa yana ɗiga a ƙirji. Wani ya sa masa ƙafa a haƙarƙari, wani na zuba masa igiyar shanu a gadon baya, duk inda ta sauka sai ta bar layi. A kansa Sha'aibu ne tsaye da gora, wani manomi daga wajen garin Ƙofa da aka kwance wa bijimin huɗa ana tsakiyar damina. Ya ga jan bijimi mai tsagaggen kunne, ya ce nasa ne. Yawancin masu dukan ba su ma san Sha'aibun ba.

Mudi ya faɗa tsakiya ya ɗaga wayar sama. Ya ce akwai shaida, muryar wanda ya sayar tana ciki, da sunan shaidu. Ya yi ta maimaitawa har sanduna suka ɗan sauka.

Sha'aibu yana haki ya ce, "Kunna mu ji."

Mudi ya san ba za ta yi ba. Duk da haka ya danna, ko Allah zai sa. Wurin ya yi tsit, har ana jin numfashin Baffa yana fita da wata ƙara. Ɗan layin da ke fuskar wayar ya soma tafiya, yana tafiya, har ya kai ƙarshe. Ba abin da ya fito.

Wani daga baya ya ce, "Shaidar taka bebiya ce?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Mudi ya ce a ara masa kowace waya, muryar na kan memori, minti ɗaya kawai. Ya ɓalle murfin, ya cire batir. Ya zaro katin ke nan da farce, abu kamar ƙwayar kabewa, wani ya ce ai bakinsu ɗaya, shi ne mai goge musu shaida. Gora ta sauka a wuyan hannunsa. Ya ji ƙashin ya amsa. Waya ta yi nan, batir ya yi can, katin ya faɗa cikin caɓi, ƙafafu suka rufe wurin.

Suka koma kansa. Aka naushe shi a ido, aka shure shi ya kife. Yana ƙasa ya ga Baffa ya rarrafo ya ɗaga hannu ɗaya.

"Ku ƙyale shi, gyaran waya kawai yake. Ɗan maƙwabcina ne."

Bai sauke hannun ba wani saurayi ya tumɓuke turken ɗaure shanu ya sauke wa tsohon a ƙeya. Ƙarar ba ta da yawa. Baffa ya kwanta a gefe, ƙafarsa ɗaya na shure-shure. Lokacin ne mutane suka fara ja da baya, kowa na duban wani. Kafin sarkin kara ya iso da 'yan sanda, da'irar ta zama ta 'yan kallo, ba wanda ya ga wanda ya yi.

Kwana biyu Baffa ya yi a asibiti, ya ce a mai da shi gida. Aka kwantar da shi a ɗakinsa, kai naɗe da bandeji, matarsa Inna Laraba na korar masa ƙuda da mafici. Bijimin na hannun hukuma. A gari kuwa magana ta riga ta zauna: shaidarsa ta ƙi magana a gaban jama'a, ke nan akwai wani abu.

Mudi ya shiga da hannu a ɗaure, ya zauna a bakin tabarma ya faɗa masa komai, har da ƙaryar da ya yi masa ta kan katanga. Baffa ya tambaya ko ana ba bijimin ruwa a can. Sannan ya ce shi da ƙafarsa ya kai a canza wa wayar gida, don tsohon ya tsage.

"Ka nemo min takardata, Injiniya. Kada Idris ya gaji sunan ɗan ɓarawo."

Washegari da hantsi ya cika. Sahu biyu ne kacal a sallar jana'izarsa, mutumin da ya shekara talatin a garin.

Daga maƙabarta Mudi ya wuce wurin Inna Laraba ya ari rariyar tankaɗe. Ya tafi kara, ba kowa sai awaki. Ya durƙusa inda abin ya faru, yana ɗibar taɓo da kashin shanu da hannu ɗaya, yana zubawa a rariya, Nasiru na kwara masa ruwa daga jarka. Suka samo maɓallin riga, da ƙusa, da haƙori guda. Nasiru ya ce a haƙura. Mudi ya ci gaba da ɗibar taɓo. Rana ta biyu, wajen la'asar, wani ɗan baƙin abu ya tsaya a kan ragar.

Ya wanke shi da fetur, ya shanya a kan hularsa.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Idris ya iso daga Legas, yana zaune kai a ƙasa. Sarkin kara ya zo gaisuwa, da liman, da wasu da suka zo don a gan su. Mudi ya karɓi wayar Idris ya sa katin, ya ƙure sauti, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma.

Muryar wani mutum ta fito sarai. Ya ce shi ne Adamu na Burumburum, ya sayar wa Hamman na Kafin Maiyaƙi jan bijimi haihuwar garkensa, tsaga biyu a kunnen dama, a gaban Hamidu da Sani dillali. Sarkin kara ya sunkuyar da kai. A hankali ya ce na Sha'aibu tsaga ɗaya ce, a hagu, Sha'aibun da bakinsa ya faɗa a gaban hukuma. Ba wanda ya ɗaga ido.

Muryar ba ta ƙare ba. Aka ji kukan saniya can nesa, sai ga Baffa Hamman kusa da wayar yana dariya.

"Ɗaga murya, Adamu. Tsohuwar tawa ba ta ji sosai."

Layin ya kai ƙarshe. Daga bayan zanar da ta kare ƙofar gida, inda mata suke, Inna Laraba ta ce, "Mudi, maimaita wurin nan na ƙarshe."

Ya ɗauki wayar da hannunsa mai lafiya, ya matsa jikin zanar, ya riƙe ta daidai wata 'yar kafa, ya danna.