Motar da Gida Ya Cinye

Likitan da Sifana ke gyara wa mota ne ya yi kara, ya shigo har ɗakin Baba da 'yar fitilarsa, ya buɗe idanun tsohon ɗaya bayan ɗaya ya haska. Da suka fito tsakar gida ya gaya wa Sifana gaskiya: yanar da ta rufe idanun ta nuna, in an kawo shi asibiti nan kusa za a cire ta ya ga duniya kamar da, in kuma aka ja lokaci ta taurare, to sai dai haƙuri.

Sifana bakanike ne, ya sami sunan ne saboda ko ɗaurin aure za shi da sifana a aljihu. Ya koma ɗaki ya durƙusa ya faɗa wa mahaifinsa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya yarda, amma kowa ya san rantsuwarsa. Tun ranar da ya sauka daga sitiyari bai zauna a motar wani ba, ba kuma zai fara yanzu ba, ya koma bayan yaran da ke tuƙi da hannu ɗaya. Ba zai yarda a ja shi da sanda ya ratsa gari ana nuna shi ba.

"Ko a tawa, ko a makara," in ji shi. "Je ka tayar da ita."

Sifana ya ce to. Ya fito ya tsaya a bayan gida, inda gingimarin Baba take ƙarƙashin tamfol, ya daɗe yana sosa ƙeya.

Abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin ƙashin baya ne kawai da inji da kan mota marar ƙofofi. Ba ɓarayi ne suka yi wannan aiki ba. Gidan ne ya cinye ta a hankali, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Shekarar da ƙofar banɗaki ta ruɓe aka ari ƙofar direba, ta kuwa dace, har gilashinta na sauka in an murɗa, don shan iska. Ɗayar ƙofar ta tafi kicin. Tankin mai aka wanke aka ɗora a kan rufi ya zama na ruwa. Kujerar gaba tana falo, a kanta baƙi ke zama. Bonet ya zama rufin akurkin kaji, salansa ta zama indararo, fitilun gaba biyu matar Sifana ta shuka na'a-na'a a ciki. Gefe ɗaya kawai ba a taɓa ba, madigadin hagu, domin nan ake kawo hannun Baba duk lokacin da ya ce a kai shi ya gaida ta. Sai ya shafa, ya buga sau biyu da tafin hannu, ya tambaya ko ana kula da ita. A ce masa sosai ma.

Sifana ya rufe garejinsa, ya fara da inji, wanda nauyinsa ne ya cece shi. Ya kwance shi ya wanke, ya kori ɓerayen da suka hayayyafa a ciki, ya zuba baƙin mai. Wannan bai dame shi ba, aikinsa ne. Matsalar ta fara ranar da matarsa ta fito daga wanka ta tarar da shi tsaye da sifana yana jiran ta gama.

Ta ce masa a iya saninta asibiti za a kai Baba, ba a ce za a tone wa gida asiri ba. Ya ce zai rataya labule. Ta ce labule ba ya da sakata, kuma ita ta saba da murɗa gilashi. Ya ce idon Baba ne. Ta ɗauki bokitinta, ta ce ya bar mata mazubin sabulun da ya yi wa walda a jiki. Mazubin ya ƙi fita, sai ya tafi tare da ƙofar.

Daga nan kullum gidan na raguwa, motar na cika. Ruwa ya daina zuwa famfo. Kaji suka koma kwana a kicin, tun da kicin ɗin ba ƙofa. Baƙi suka koma zama a ƙasa, wasu suka ɗauka an yi rasuwa, suka fara gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Baba kuwa daga ɗakinsa yana jin ƙarar ƙarfe, yana aiko da saƙo cewa kada a matse noti da ƙarfin tuwo, ita ba ta son a yi mata dole.

Wasu sassan ma sun tsallaka katanga. Sitiyarin yana wurin tela, ya kafa shi a kan ƙafa ɗaya yana ɗora almakashi da zare, ya kuma rantse gadonsa ne, sai da Sifana ya nuna masa inda babban yatsan Baba ya cinye robar. Sifirin guda, cikin faifayen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, ya daɗe da zama adda a hannun mahauci. Shi mahaucin ya kawo addar da kansa, ya ce a maida ta in za ta shiga, bai son a ce da hannunsa a makantar tsoho. Mai walda, abokin Sifana tun suna yara, ya karɓa ya juya ta, ya ce za ta shiga, amma motar za ta riƙa karkata gefen nama.

Likitan ya biyo wata rana da yamma, ya ga gida ba ƙofa ba indararo, ya tambaya ko gobara aka yi. Da aka yi masa bayani sai ya ce shi dai abin da ya sani, idon ba zai jira fenti ba.

Saura abu ɗaya, farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. In babu ita inji zai yi ta ruri, mota tana tsaye. Sifana ya zaga kasuwar tsofaffin kaya, duk inda ya faɗi irin motar sai a kira wani dattijo ya zo ya ji, dattijon ya yi dariya ya ce rabonsa da jin sunan nan tun yana da haƙora. Ba sai an nema ba kuwa, Sifana ya san inda tasu take. Wata damina da katakon rufin ɗakin Baba ya tsage, ita aka kafa a tsakar ɗakin ta tokare shi, aka ce wa Baba bututu ne. A jikinta yake rataye hularsa.

Shi da mai walda suka shirya. Za a tayar da inji, Baba zai fito ya hau, ƙarar za ta rufe komai, su kuma su zare farfelar su tokare rufin da katakon gado. Matar Sifana ta tambaya gadon wa. Sannan ta je ta kwashe zannuwan gadonta da kanta.

Da hantsi aka haɗa batir. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wata irin ƙara da ta sa kajin kicin suka fito ta taga. Hayaƙi ya rufe layin. Kafin Sifana ya je ɗauko shi, ga Baba a bakin ƙofa, ya sa babbar rigarsa da hula, yana tafe shi kaɗai yana bin ƙarar. Ya laluba ya kama ƙofar, hannunsa ya faɗa cikin mazubin sabulu, ya ɗan tsaya, ya hau.

A ɗaki kuwa, farfelar ta fito da sauƙi. Katakon gadon ya riƙe rufin har suka kai bakin ƙofa, sannan ya lanƙwashe, rufin ya zauna a kan tabarmar Baba gaba ɗaya.

Sifana ya zo wucewa ta gefen motar da ƙarfen a kafaɗa, ƙura har gira. Baba ya leƙo ya tambaya me ya faɗi. Sifana ya ce salansa ce ke gyaran murya.

"Salansa ba ta da kwano," in ji Baba. "Ɗakina ne. Kafin ka ɗaura farfelar ka sa wa mahaɗar giris, tana wasa. Duk sanda na rataye hula sai na ji."

Sifana ya shiga ƙarƙashin mota, ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke bukata.

Sai gardamar tuƙi. Baba ya ce motarsa ce, shi zai ja. Sifana ya ce, Baba, ba ka gani. Baba ya ce Sifana kuma ba ya ji, ɗazu ma ya bar injin yana kuka bai kula ba. Mai walda ne ya raba su: sitiyari da burki da kuloci na ɗa, giya ta uba. Aka tafi a haka. Baba ya karkata kai yana sauraron inji, in lokaci ya yi ya ce "taka," Sifana ya taka, Baba ya cusa giya. In Sifana ya ga danja ya taka burki, Baba ya tambaya wa ya ba shi izni. Matar Sifana tana baya a zaune kan kwando da kajinta, ta ce ba za ta zauna gadin gidan da iska ke shiga ta fita ba. Motar tana tafe a karkace, masu babur suna ba ta hanya tun daga nesa, wani ɗan sanda ya ɗaga hannu zai tsayar da su, ya duba da kyau, ya mai da hannun ya sara.

A bakin asibiti Baba ya sauka ba tare da an roƙe shi ba. Aka yi aikin a ranar, aka kwantar da shi da bandeji. Sifana ya zauna a benci, hannayensa baƙi ƙirin da mai, ya rasa inda zai ajiye su a wuri mai fari haka.

Da aka kwance bandejin washegari, Baba ya ƙyafta, ya dubi likita, ya dubi bango, sannan ya dubi Sifana ya daɗe. Ya tambaya wannan dattijon fa. Aka ce ɗanka ne. Ya ce to, Allah ya kyauta, ashe shi ma ba a bar shi ba.

Suka fito fili. Motar tana tsaye ta cinye wurin motoci da yawa, ƙofa ɗaya shuɗiya, ɗaya baƙa da hayaƙin girki, bonet fari fat da kashin kaji, ganye na leƙowa ta gefen fitila. Baba ya zaga ta a hankali, hannayensa a baya. Sifana ya buɗe masa ƙofa.

"Ba zan shiga ba," in ji Baba. "Mutane na kallo."

Ya gyara hula, ya kama hanyar gida a ƙasa, yana tsayawa ya karanta allon kowane shago. Sifana ya tayar da mota, ya sa giya da kansa, ya biyo shi. Da ya matso zai wuce ya je ya fara ɗaga rufi, Baba ya miƙa hannu ɗaya ba tare da ya waiwayo ba, ya yi masa alamar ya koma baya, ya ce a kan titi ba a taɓa wuce shi ba. Sifana ya rage wuta. Motoci suka jeru a bayansu har kwana suna danna hon, Baba kuwa ya tsaya gaban wani shagon takalma yana duba farashi.