Yagaggiyar Laimar Otane

Ni Otane, rumfata tana kan tudu a hanyar birnin Edo, shayi nake sayarwa da gasasshen curin shinkafa. Wata damina jinkata ta huje, na toshe da yagaggiyar jar laima. A haka wani mai zane ya fake a wurina, ya ci, ya yi 'yan zane-zanensa ya wuce.

Ashe ya kai zanen an sassaƙa a katako, an buga a takarda ana sayarwa! Da wani falke ya nuna min hoton, kunya ta kusa kashe ni. Ga tudunmu da dutse can baya, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, matafiya sun duƙa cikin rigunan ciyawa, ga tsiyata ja jawur a tsakiya. Na yi sabuwar jinka tsaf, na cusa laimar bayan murhu.

Sai matafiya suka fara hawowa da hoton a hannu, su dubi rumfata su wuce zuwa ta Gonsuke, maƙwabcina. Munafukin ya yayyaga sabuwar laima ya ɗora a rufinsa! Ciniki ya mutu murus, har maigidana ya ce dole 'yarmu Omitsu ta tafi aikatau a masaukin baƙi na gari. Raina ya ɓaci.

Na jingina tsani, na yage sabuwar jinkar da hannuna, na maida tsohuwar laimata.

Gonsuke ya leƙo. "Iya Otane, hauka aka fara?"

"Haukar ka kwafa ai, ɓarawon tsiya!"

Wata tsohuwa mai ziyarar wuraren ibada ta tsaya tsakaninmu. Ta ɗaga hoton, ta daɗe tana duba yadda shuɗin sama ya sauko yana koɗewa har ya taɓa dutse, ta matsa hagu, ta matsa dama.

"Dutsen a bayan wannan rumfar yake," ta ce wa 'yan tafiyarta. "Kai kuma, bawan Allah, bayan taka sai banɗaki."

Aka bushe da dariya. Suka cika min benci, ruwa na ɗiga cikin shayinsu, wai haka suke so, sun shiga cikin hoto. Daɗi kamar in taka rawa.

Omitsu ta fito da ƙunshin kayanta, ta tsaya baki buɗe.

"Ajiye kayan nan, ke!" na ce. "Ba inda za ki. Hura wuta."