Muryar Bahiga

"Malam, ka daina wahalar da maƙogwaronka," na ce. "Kunnen nan ko igwa aka harba a gindinsa ba zai ji ba."

Malam Abdul-Mawgud ya ɗago daga bakin gadon, gumi ya jiƙa masa gefen rawani. Sabon limamin masallacin layinmu ne, daga kudu aka turo shi nan garinmu Rashid, kuma wanda ya je kiransa bai gaya masa Bahiga kurma ce ba. Tun shigowarsa yake sunkuye a kunnenta yana laƙƙana mata kalmar shahada, da farko a hankali, daga baya da ƙarfi kamar mai tallar kifi.

"Ai sai a faɗa wa mutum, Hajiya," ya ce.

"To, ga shi na faɗa."

Ni da Bahiga ƙofarmu na kallon juna a saman bene tun muna amare. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tana 'yar ƙarama. Da ido ta rayu. Ta dubi leɓenka ta gane, abin da ya ɓace mata ta cike da hannu. Ranar Talata ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yau kuma tun safe idanun sun rufe, ko an ɗaga mata fatar ido ba ta bin komai. Likita ya zo ya duba, ya ce a kira 'yan uwa.

Ɗanta Wagdi na durƙushe a ɗaya gefen, da kayan aikinsa na sassaƙar jirgin ruwa, garin katako har cikin gashinsa. Mutum mai furfura, amma kallona yake irin na lokacin da nake ɗaure masa takalmin makaranta.

"Inna Ansaf, haka za ta tafi? Matar da ko azahar ɗaya ba ta taɓa bari ta wuce ta ba, a ce ba ta cika da kalma ba?"

"Allah na ganin zuciya, ɗana," in ji Malam. "Ɗaga mata ɗan yatsa, ya wadatar."

Wagdi ya ɗaga manuninta na dama. Yana saki ya koma kan zanin gado.

"Ni na ɗaga, Allah ya gafarta Malam. Ba ita ba. Ita ba ta ma san lokaci ya yi ba."

Tsoro ne ya kama ni, ba na mutuwar ba, na yadda take kwance ita kaɗai a wurin da ba haske ba motsi, mu kuma muna kewaye da ita ba hanyar da za mu ce mata ga mu.

Malam ya tambaya, "Tana magana kuwa?"

Da tana yi. Murya ce da ita babba, mai kaushi, wasu haruffan su fito wasu su maƙale. Mu na gida mun saba. Ranar auren Wagdi ta fito baranda ta rangaɗa guɗa, murna ta cika ta. Abin da ya fito bai yi kama da guɗa ba, layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Ba ta ji dariyar ba, amma ta ga haƙora. Wadda ta fi kowa darawa, Faukiyya matar wanzami, yau tana nan falon Bahiga tana kukan da ya fi na kowa, kuma har gobe ban yafe mata ba.

Kashegarin bikin Bahiga ta same ni ina yanka lalo. Ta ja kujera ta ce, "Ansaf, yaya muryata take?"

"Kamar ta kowa mana. Ke ba kya jinta ko kaɗan?"

Ta girgiza kai. Ta ce wani ɗan kaɗawa take ji a ƙirji da haƙora, shi ke nan. Ko ta fita da ƙarfi, ko a hankali, ko ba ta fita ba sam, sai dai ta duba fuskar mutum. Ta duba tawa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗauki wuƙa ta taya ni yanka. Daga ranar hannu ya zama bakinta. Jikokinta sun girma ba su san tana da murya ba.

"Ta daɗe da bari," na ce wa Malam.

La'asar ta gota. Ta tagar da muka buɗe don iska ana jin mai sayar da gas yana buga tukwanensa, da ƙarar 'yan wasan domino daga shagon shayi. Numfashin Bahiga ya fara yankewa yana dawowa. Hannunta na hagu, wanda ya rage mata, sai lalube yake a kan zani. Wagdi ya kama shi, ta zame. Ta bi damtsensa, ta bi kafaɗa, ta taɓo gemu. Shi kuwa kuka ya ci ƙarfinsa, ya ce, "La ilaha illallah," irin yadda mutum ke faɗa idan abu ya fi ƙarfinsa. A daidai lokacin yatsunta na kan maƙogwaronsa, sai na ga sun tsaya cak.

"Sake faɗa!" na ce.

"Me?"

"Abin da ka faɗa, kai! Kada ka motsa hannunta."

Ya danne tafinta a wuyansa ya sake, a hankali, yana jan kowace gaɓa. Ya sake. Malam ya matso yana raɗa, "Sannu-sannu, kada a matsa mata." Yatsun suka ƙara kama fatar wuyan. Na ga leɓenta na ƙasa ya motsa, gefen da bai shanye ba.

Sai ta faɗa.

Ba ta san awon murya ba, don haka duk abin da ya rage a ƙirjinta ta zuba. Kalmar ta fito a karye, da kaushi, rabinta a hanci, amma ba Musulmin da zai ji bai gane ta ba. Ta cika ɗakin ta fita ta taga. Kukan falo ya ɗauke. Mai gas ya daina bugu. Can ƙasa a shagon shayi wani dattijo ya amsa, "Muhammadur Rasulullah."

Malam ya rufe fuska da hannun rigarsa.

Bahiga ta janye hannu daga wuyan ɗanta. Da ƙyar ta kai shi nata wuyan, ta taɓa, sannan ta juya tafin sama tana jira. Na san wannan alamar, Wagdi ma ya sani. Tambaya take yi: ta fita?

Ba fuskar da za ta duba. Wagdi ya ɗauki tafin ya ɗora a kumatunsa, ya gyaɗa kai da ƙarfi don ta ji. Ya ɗaga, ya sunkuyar, ya ɗaga, ya sunkuyar, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta.

Ban san daidai lokacin da numfashin ya tsaya ba. Malam ne ya fara lura, ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya miƙa hannu zai ja mayafi. Na riƙe masa hannun riga. Wagdi na nan durƙushe, idonsa a rufe, tafin uwarsa a kumatunsa, yana ta gyaɗa kai.