Tsagu Uku a Wuyan Jitar Markus

Duk wanda ya san Markus a Haɗeja ya san jitarsa, baƙa, mai tsirkiya shida, irin mai gurnanin nan da ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. A Sabon Garin Kano ya tsinto ta da arha, kuma da ma arha ba ta ado. Kunnuwanta na ɗaure tsirkiya suna kwancewa da kansu, in aka jona ta da sifika sai ta yi ta ƙugi kamar injin ban-ruwa a fadama. Amma shekara bakwai ita ce ke riƙe da mawaƙan cocinsu.

Abin da ba wanda ya sani, har matarsa Rifkatu, shi ne idon Markus yana tafiya. Tun damina biyu da suka wuce ya daina ganin fararen ɗigon da ke nuna wa makaɗi inda zai sa yatsa. Maimakon ya faɗa, sai ya ɗauki aska ya yi tsagu uku a bayan wuyan jitar, inda babban yatsansa ke bi. In yatsan ya faɗa tsaga, ya san inda yake. Da haka ya ci gaba da kiɗa, kansa a sama, mutane na cewa gwaninta ce ta sa ba ya ko duba hannunsa. Shi kuwa tsoro ne fal cikinsa, kada a ce ya zauna ya huta, kada Rifkatu ta fara kama masa hannu a hanya. Namiji da taurin kai, ya gwammace ya yi karo da bango da ya ce a kunna masa fitila.

Ana saura mako biyu bikin godiyar kaka aka yi musu rasuwa a gida, can kudancin Kaduna, ya tafi kwana takwas. Rifkatu kuwa ta daɗe tana jin haushin yadda 'yan bayansa ke zuwa da kayan kiɗa masu ƙyalli, mijinta na rungume da wannan tsohuwa. Yana fita ta naɗe jitar a zane ta kai wa Malam Adamu, kafintan da ke gyaran kwalekwale a bakin kogi, wanda kuma hannunsa ya faɗa a kan molo da garaya. Ta aika Kano aka sayo sababbin tsirkiyu da kunnuwa da na'urar ɗaukar sauti, wani mai gyaran rediyo ya haɗa wayoyin.

Malam Adamu bai yi ha'inci ba. Ya cire robar da tsirkiyu ke hawa, ya sassaƙa ƙashin saniya ya maye gurbinta da shi. Da ya juya wuyan ya ga tsagun, sai ya yi salati.

"Wannan ai ɓera ne ya samu wuri," in ji shi. "Bari kawai, Maman Patience, sai kin ga fuskarki a jiki."

Ya bi su da sanfefa har suka ɓace, ya shafe da mai.

Ranar da Markus ya dawo, da la'asar, ko ruwa bai gama sha ba Rifkatu ta fito da jitar ta ɗora masa a cinya, tana murmushi har kunne.

"Baban Patience, ga amaryarka."

Ya shafa tsirkiyun, ya ji su sababbi. Ya taɓa ta ƙasa, ta amsa da murya mai kauri, tsab, ba ƙugi. Daɗi ya fara kama shi. Sai babban yatsansa ya zagaya baya, ya tafi sululu tun daga sama har ƙasa bai tsaya ko'ina ba.

Ya sake bi. Ya sake. Santsi kamar bayan tarwaɗa.

"Me aka yi wa wuyan?"

"Cizon ɓeran nan? Malam Adamu ya goge shi. Kaɗa mana mu ji, wadda za ku yi ran Lahadi."

Ya fara, yatsansa ya sauka a inda ba nan ba. Ya gyara, ya ƙara ɓata. Waƙar da ya yi shekara bakwai yana kaɗawa ko cikin barci, ga shi yana lalubenta kamar baƙo a kasuwar Kafin Hausa. Ya sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa tsirkiya, ɗigon dai ba su fito ba.

"Hannuna ne ya yi tsami saboda tafiya," ya ce, yana neman abin da zai kawar da zancen. "Amma kin kyauta. Na ji daɗi ma da kika bar mata baƙinta, ya fi mutunci."

Rifkatu ta matso kusa da shi.

"Markus," ta ce. Rabon da ta kira sunansa tun kafin haihuwar fari. "Jitar nan ja ce. Ni na zaɓi fentin. Ja kamar gauta."

Ta dubi jitar, ta dubi idonsa.

"Wayyo Allahna! Tun yaushe?"

"Damina biyu."

"Damina biyu muna kwana ɗaki ɗaya! Ranar da ka zuba wa shayi gishiri ina ta yi maka dariya..." Muryarta ta karye. "To tsagun fa?"

"Su ne idona."

Ya ji ta tashi, ya ji takunta zuwa kicin. Ya zauna rungume da jitar, kunya da tsoro sun danne shi, yana jiran kuka, ko ta kira fasto a waya, ko ta ce daga yau an gama kiɗa.

Ta dawo ta durƙusa gabansa, ta juya jitar ta kifa ta a cinyarsa. Ya ji sanyin wuƙar yanka albasa a gefen hannunsa.

"Gobe da sassafe asibiti, kuma ba shawara nake ba ka ba," ta ce, tana jan hanci. "Yanzu ɗora yatsanka inda ta farko take."

Ya ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na biyar. Ta sa bakin wuƙar dab da farcensa, ta danna cikin sabon itacen da Malam Adamu ya wuni yana gogewa.

"Ta yi zurfi?"

Ya shafa.

"Ƙara kaɗan," ya ce.