Gwangwanayen Emmett

Mijina Emmett Rudge ya rasu da bazara, a gidanmu na haya a Los Angeles. Shi ke rubuta labarin fim, shi ke tsayawa bayan kyamara yana gaya wa 'yan wasa inda za su kalla, tun zamanin da ake ɗauka da hasken rana. Da fim mai magana ya shigo, kamfani ya daina kiransa. Bai taɓa ƙorafi a gabana ba, sai dai ya rage cin abinci.

Ban gama karɓar gaisuwa ba sai ga Hollis, tsohon mai ɗaukar masa hoto. Ya ce kamfani na ƙone tsofaffin finafinai don a tace azurfar da ke jikinsu, kuma an zo kan na Emmett. Ya ce kada in je, wulaƙanci kawai zan sha. Na sa baƙar hulata na tafi.

Na iske manaja da ma'aikata a siton kamfanin, gwangwanayen da ake adana fim a ciki jibge har rufi. Manajan wani matashi ne, gashi ya sha mai. A tsaye ya yi min ta'aziyya. Ya ce dukiyar kamfani ce, kuma wa zai zauna yau ya kalli mutane suna motsa baki kamar kifi?

Na zauna kusa da wani buɗaɗɗen gwangwani, na ciro tabar Emmett da ashana daga jakata. Ni ban taɓa shan taba ba. Amma duk wanda ya yi aiki a wurin ya san fim ya fi fetur kama wuta, ko ruwa ba ya kashe shi. Ma'aikata suka fara ja da baya zuwa ƙofa.

"Madam Rudge, don Allah ajiye wannan," in ji manajan.

"Ai ƙonawa kuke so, ɗan nan. Na zo taya ku ne."

Ya ce na haukace. Na ce wataƙila. Na ɗora tsinken ashana a gefen kwalinta, ina kallon manajan.

Daga ƙarshe ya ce in kwashi abin da hannuna zai iya ɗauka in fita. Hannun tsohuwa ba ya ɗaukar da yawa. Sai a gida na ga ashe gwangwanayen duk na fim ɗaya ne, kuma babu na ƙarshensa. Sauran washegari suka cinna musu wuta.

Da mai gidan haya ya ji abin da na ajiye a ƙarƙashin gado, ya ce ko su fita ko in fita. Na tambayi Hollis ko ya san mai amalanken da zai kwashe min kayana da gwangwanayen mu bar gidan.