Sai Na Murmure

A ɗakin gwajin jini na asibitin da Auta ke aiki, doka ce ba ka taɓa jinin ɗan'uwanka. To amma wa ya isa ya hana ido gani? Kwalbar jinin Yayanta ta biyo layi, abokiyar aikinta ta saka a inji, sakamako ya fito a allo Auta na tsaye a bayanta.

Tun da aka yanke masa ciwon daji a babban hanji ake bibiyar jininsa. Akwai ma'aunin da ke nuna kumburin da jiki ke yi a ɓoye. In ya sauka bayan tiyata, sai a sa rai. Nasa kuwa hawa yake ta yi, sinadarin gina jiki na zubewa. Likita ya haɗa da hoton ciki, ya ja Auta gefe. Bai yi dogon bayani ba, ya san da wadda yake magana.

A gida kuwa murna ake. Wurin yankan ya warke, Yaya ya fara cin abinci, har ya koma shagonsa na ɗinki. Inna ce kawai ba ta san komai ba. Tana can nesa, tsufa ya zaunar da ita, kuma Yaya ya kafa doka kada wanda ya gaya mata. A waya kullum ce mata yake mura ce. Murar da ta fi wata huɗu! In an ce ya je ya gan ta, amsarsa ɗaya: "Sai na murmure."

Auta ta same shi a shago, tef a wuya, yana zare zaren da ya maƙale a keke. Ta ture ƙyallaye ta zauna a benci.

"Malamar jini, yau kuma wa kika tsotse?" ya ce yana dariya.

"Yaya, mu je wajen Inna."

"Haba Auta, a haka? Dubi wuyana kamar mariƙin lema. Bari in ɗan yi kumari tukuna."

"Gobe nake nufi, Yaya."

Ya ɗago ya dube ta. Shi ya goya ta tana ƙarama, ya san fuskarta in tana ɓoye kuka. Ƙarar babura kawai ake ji daga titi.

"Jinin ne?"

Ta gyaɗa kai, hawaye ya ƙwace mata.

"Allah ya sa mu cika da imani," ya ce a hankali. Ya miƙe da ƙyar, ya ciro farar rigarsa daga rataye, ya kara a jikinsa. Mutum biyu irinsa za su shiga ciki.

"Daina kukan nan, miƙo min almakashi. Bari in rage ta, kada Inna ta ga ta yi min yawa."